Janar Wingate da Sojojin Bama

Muna 'yan makaranta na fara jin sunan Janar Orde Wingate, a bakin wani tsohon soja maƙwabcinmu a Ƙofar Kwaya.

An haifi Wingate a Indiya a 1903. Ya yi aiki a Sudan, ya kuma taimaka aka kori Italiya daga Habasha a 1941. A 1944 jiragen sama suka sauke rundunarsa ta Chindit cikin dajin Bama, bayan dagar Japanawa. Bataliya uku a cikinta na Nijeriya ne. Jarumi ne, amma taurin kansa ya wuce misali. Ya mutu a haɗarin jirgi ran 24 ga Maris, 1944.

Shi dai Baba, Allah ya jiƙansa, ban taɓa jin ya yabe shi ba. Yunwa da zazzaɓi yake tunawa.