Georges Vézina, mai tsaron ragar da tarin fuka ya raba da fili

A watan Fabrairun 1910, ƙungiyar wasan hoki na kan ƙanƙara ta Montreal Canadiens, wadda aka kafa a 1909, ta je garin Chicoutimi na lardin Quebec a Kanada domin wasan sada zumunci, ta kuwa sha kashi. Mai tsaron ragar 'yan garin, Georges Vézina, shi ya hana ta sakat. Kafin shekarar ta ƙare ta ɗauke shi.

An haifi Vézina a 1887. Tun da ya kama aiki, shekara goma sha biyar bai taɓa fashi ba, ya buga wasa sama da 300 a jere, a zamanin da masu tsaron raga ba sa kare fuskarsu da komai. Da shi ƙungiyar ta ci Kofin Stanley na farko a tarihinta a 1916, ta sake ci a 1924. Saboda sanyin halinsa aka yi masa laƙabi da kokwambar Chicoutimi.

Wannan juriya ce ta ɓoye ciwonsa. Ranar 28 ga Nuwamban 1925 ya shiga wasa da ƙungiyar Pittsburgh da zazzaɓi a jikinsa, ya yanke jiki ya faɗi a bakin raga. Likitoci suka gano tarin fuka ne. Ya koma garinsu, ya rasu ranar 27 ga Maris 1926 yana da shekara 39. A kakar nan Canadiens ce ta zo ta ƙarshe.

Masu ƙungiyar suka sa kofi da sunansa domin gwarzon mai tsaron raga. George Hainsworth, wanda ya gaje shi, shi ya fara ɗauka a 1927.