Marigayi Tombalbaye: Ɗan Ƙwadagon Da Ya Rungumi Tilas

Duk fatakenmu da ke sauke kaya a Babbar Kasuwar Njamena, yana da kyau su san cewa mutumin da ya raɗa wa birnin wannan suna a shekarar 1973, daga ƙungiyar ƙwadago ya taso. Kafin nan Fort-Lamy ake ce da garin.

An haifi François Tombalbaye a shekarar 1918 a kudancin ƙasar Cadi, cikin ƙabilar Sara. Ya fara da aikin malanta, sannan ya tsunduma cikin fafutukar ma'aikata a garin Fort-Archambault, wato Sarh ta yanzu. A wancan zamani Turawan Faransa suna tilasta wa talakawa noman auduga, kuma sai a 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka. Wannan gwagwarmaya ce ta kai shi jam'iyyar PPT ta Gabriel Lisette. Ya zama firayim minista a 1959, kana shugaban ƙasa na farko da aka sami 'yancin kai ranar 11 ga Agusta, 1960.

To, amma da mulki ya zauna masa, sai ya ɗauki sandar da aka doke shi da ita. A 1962 ya haramta jam'iyyun adawa. A watan Satumban 1963 tarzoma ta ɓarke a Fort-Lamy, aka kama manyan Musulmi, ciki har da ɗan kasuwa kuma tsohon firayim minista Ahmed Koulamallah. Ƙungiyar ƙwadago ta koma 'yar amshin shatan jam'iyya. Tsananin haraji ya sa talakawan Mangalme suka yi bore a 1965. Daga bisani har ma'aikatan gwamnati 'yan kudu ya tilasta wa shiga al'adar tsafi ta yondo. Sojoji suka kashe shi ranar 13 ga Afrilu, 1975, kuma gwamnatin Janar Félix Malloum ta rushe ƙungiyar ƙwadagon, ta hana yajin aiki.

Batun tilas a harkar ƙwadago ba a Cadi kaɗai ya tsaya ba. A Amurka, dokar Taft-Hartley ta 1947 ta bai wa jihohi damar hana a wajabta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, kuma jihohi 26 ke bin wannan tsari. Masu goyon baya na cewa 'yancin ma'aikaci ne. 'Yan ƙwadago kuwa na kukan wasu na cin moriyar ƙarin albashi ba tare da sun ba da ko sisi ba, har ƙungiya ta raunana.

Shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, na 'yan dako da na direbobi, ga darasi. Ƙungiya ba ta rayuwa sai da kuɗin 'ya'yanta, amma wadda tsoro kaɗai ya tara, ranar wuya ba ta da mai kare ta. Allah ya ba mu shugabanni adalai.