Élie Metchnikoff, mutumin da ƙayar fure ta kai shi ga sirrin garkuwar jiki

A yau masu bincike na amfani da fasahar CRISPR suna kashe ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira makrofaj, domin su gano yadda ƙwayar tarin fuka ke ɓuya a cikinsu ba tare da ta mutu ba. Wanda ya fara fahimtar aikin makrofaj shi ne Élie Metchnikoff.

An haife shi a 1845 kusa da birnin Karkif, a daular Rasha ta wancan zamani, Yukuren ta yau. Masanin dabbobi ne, bai karanta aikin likita ba. Tarin fuka ya kashe matarsa ta farko a 1873, baƙin ciki ya sa har ya yi yunƙurin kashe kansa.

A 1882 ya bar koyarwa a jami'ar Odesa ya koma Mesina, a tsibirin Sisili na Italiya. A can yake duba ƴaƴan wata dabbar teku mai siffar tauraro, waɗanda jikinsu garai yake, ana hango cikinsa da madubin ƙara girma. Sai ya tsinko ƙayar furen wardi ya soka musu. Washegari ya tarar wasu ƙwayoyi masu yawo sun yi wa ƙayar zobe. Nan ya yi tunanin cewa haka fararen ƙwayoyin jininmu ke yi wa ƙwayoyin cuta: su kewaye su, su haɗiye su, su narkar da su. Ashe kumburi da mugunyar da ke fita a miki alamar faɗa ce.

Manyan masanan Jamus sun ƙi yarda, suna ganin ruwan jini ne ke kashe cuta. Metchnikoff, mutum mai zafin rai, ya yi shekaru yana jayayya da su daga cibiyar Pasteur ta Paris, inda ya koma a 1888. Cibiyar CERMES ta Yamai tana cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur ɗin nan. Daga baya ta bayyana kowane ɓangare na da tasa gaskiyar, kuma a 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Bajamushe Paul Ehrlich.

Da tsufa ya zo, ya duƙufa kan shan nono mai tsami, yana ganin yana ƙara tsawon rai. A nan hujjarsa ba ta kai ta farko ƙarfi ba. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a 1916 yana da shekara 71, kuma tokar gawarsa na ajiye a ɗakin karatu na cibiyar Pasteur.