Alfred Bird: Mai haɗa magungunan da lalurar matarsa ta sa ya ƙirƙiro kastad da bakar hoda

Duk wanda ya leƙa kantin kayan masarufi a Sarkin Dawaki da ke Jalingo, ko kasuwar Wuse a Abuja, gab da azumi ko Sallah, zai tarar da abu biyu da ba sa yankewa: garin kastad da ake damawa a sha da ƙosai, da hodar tashin kwaɓi da matan gida ke kira bakar hoda, wadda ake zubawa a cincin da kek. Dukansu daga hannun mutum ɗaya suka fito, kuma lalurar cikin gida ce silarsu.

An haifi Alfred Bird a shekarar 1811 a ƙauyen Nympsfield da ke Ingila. Ya yi karatu a Birmingham, ya koyi sana'ar haɗa magunguna, sannan a 1837 ya buɗe shagon kansa a titin Bell na birnin.

Matarsa Elizabeth tana da lalura: jikinta ba ya karɓar ƙwai, ba ya karɓar yis. A Ingilar wancan zamani kuwa da ƙwai ake kaurara kastad, da yis kuma burodi ke tashi. Saboda haka a 1837 Bird ya maye gurbin ƙwan da sitacin masara, wanda ke yin kauri idan an dafa shi da madara. An ruwaito cewa sai da baƙi suka ci a gidansa suka yaba, sannan ya fahimci abin na da kasuwa.

A 1843 ya juya kan matsalar burodi. Yis halitta ce mai rai, tana buƙatar ɗumi da lokaci. Bird ya haɗa soda, dangin sinadarin da ke cikin kanwa, da sinadarin tsamin da ake samu a inabi da tsamiya, ya ƙara sitaci don ya tsotse danshi kada su motsa tun suna gwangwani. Da zarar ruwa ya taɓa haɗin sai iska ta fito, kwaɓi ya kumbura nan take, kamar yadda kanwa ke kumfa idan ta haɗu da ruwan tsamiya.

Sai dai bai yi wa wannan fasaha rajistar mallaka ba. A 1845 Henry Jones na birnin Bristol ya yi rajistar fulawa mai tashi da kanta, wasu ma suka biyo baya da irin tasu hodar. Bird ya karkata ga sayar wa sojojin Birtaniya a lokacin Yaƙin Kirimiya na 1853 zuwa 1856, domin su sami sabon burodi a sansani. Ya rasu ranar 15 ga Disamba, 1878, aka binne shi a maƙabartar Key Hill da ke Birmingham.

Ɗansa, Alfred Frederick Bird, shi ya faɗaɗa kamfanin da talla da sababbin kayayyaki, har ya zama ɗan majalisa a 1910. Kamfanin General Foods na Amurka ya sayi kasuwancin a 1947, aka mayar da masana'antar garin Banbury a 1964, yau kuma sunan Bird's yana hannun Premier Foods.

Kastad ya riƙe sunan mai shi har gobe, bakar hoda kuwa ta zama ta kowa, da wuya a sami mai tuna wanda ya fara haɗa ta. A Najeriya, Dokar Mallakar Fasaha da Zane ta 1970 ce ke bai wa mai ƙirƙira damar yin rajistar da Bird bai yi ba, kuma a Abuja ofishin rajistar yake, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari.