Shaihu Muhammadu Bakatsine, Malamin Hisabi da ya Rasu a Misra

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi na Madawa da Buza da Keita, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani malami ɗan ƙasar Hausa wanda littattafan Misra suka kiyaye sunansa, mu kuwa da muke kusa da garinsu muka yi sakaci da shi. Shi ne Shaihu Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani Bakatsine, wanda Larabawa suke kira Alkashinawi. Ana kuma jingina shi ga Ɗan Ranko, wani tsohon gari na malamai da fatake a ƙasar Katsina. Ya rayu a farkon ƙarni na 12 na Hijira, ya rasu a 1154, daidai da 1741 ta Miladiyya, wato shekara 13 kafin a haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta, nan kusa da Galmi.

Shaihu ya yi karatunsa a nan ƙasashen Sudan kafin ya fuskanci gabas. Cikin malamansa akwai Shaihu Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, mai littafin tauhidin nan Manhajul Farid da almajirai suka sani, akwai kuma Shaihu Muhammadu Bindu, wanda a wajensa ya ɗauki hisabi da sanin lokuta da ilimin aufaƙi. Sannan ya kama hanyar hajji, ya isa Makka wajen 1730, ya zauna can wani lokaci yana karatu da rubutu, daga bisani ya wuce Alƙahira. A can ya sauka gidan Shaihu Hasan Aljabarti, babban malamin Azhar masanin falaki. Abin lura a nan shi ne, mai masaukin ne ya zauna gaban baƙonsa yana ɗaukar ilimin aufaƙi. Ɗan wannan Shaihu Hasan, wato Abdurrahman Aljabarti, shi ne marubucin tarihin Misra mai suna Aja'ibul Asar, kuma a cikinsa aka adana labarin Bakatsine. Hanyar nan ta gabas ba ta mutu ba bayansa, domin Malam Jibrila ɗan Umaru, malamin Shehu, wanda ya zauna a ƙasarmu ta Adar, shi ma ya isa Alƙahira ya karɓi ijaza daga Murtala Azzabidi.

Shaihu ya bar wallafe-wallafe a fannoni dabam-dabam. Yana da Bulugul Arab a nahawu, da Manhul Ƙuddus a manɗiƙi, da Addurrul Manzum wanda ya kammala a Alƙahira a 1146. Amma wanda ya fi jawo hankalin masana lissafi shi ne Bahjatul Afaƙ, da ya rubuta a 1145 kan haruffa da aufaƙi.

Mene ne aufaƙi? Shi ne abin da muke kira hatimi. Akwai wuya a samu gida a garuruwanmu da ba a taɓa ganin hatimi a allo ko a cikin laya ba, amma kaɗan ne suka tsaya suka duba lissafin da ke cikinsa. Ku ɗauki musallasi, mai ɗaki 9. A layin sama akwai 4 da 9 da 2, a na tsakiya 3 da 5 da 7, a na ƙasa 8 da 1 da 6. Ko ta ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Ba sa'a ce ta kawo haka ba, ƙa'ida ce. Ga wata hanya da ma'abota fannin suka sani tun da daɗewa: a sa 1 a ɗakin da ke ƙarƙashin na tsakiya, sannan kowace lamba ta biyo ta karkace, ɗaki ɗaya ƙasa ɗaki ɗaya dama. Idan an fita ta ƙasa sai a shigo ta sama, idan an fita ta dama sai a shigo ta hagu. Idan an tarar ɗakin da za a shiga a cike, sai a koma kan lambar ƙarshe a sauka ɗaki biyu a tsaye. Wanda ya bi wannan ba tare da kuskure ba zai cika muhammasi mai ɗaki 25 ya samu 65 a kowane layi, ya cika musabba'i mai ɗaki 49 ya samu 175. Irin waɗannan ƙa'idoji na hatimai masu adadin mara ne Shaihu ya yi bayaninsu, kuma saboda su ne wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta ba shi wuri a littafinta kan lissafin mutanen Afirka a 1973.

Matakai a jere waɗanda duk wanda ya bi su zai kai ga sakamako ɗaya, ko ya fahimci dalili ko bai fahimta ba, su ne masana kwamfuta suke kira algoritim, kuma a kansu aka gina duk aikin na'urar, har da abin da ake kira basirar na'ura a yau. Ita kalmar kanta daga sunan Alhawarizmi ta fito, malamin Bagadaza na zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya keɓe babban sashe na littafinsa na aljabara ga lissafin gado da wasiyya. Haka kuma manɗiƙin da Shaihu ya yi wa littafi, shi ne tushen hukuncin da na'ura take yankewa tsakanin gaskiya da ƙarya. A 1965 wani malamin jami'ar Barkili ta Amurka, Lutfi Zada haifaffen Baku, ya faɗaɗa wannan da nazarin siffofin da suke da daraja-daraja, kamar zafi da tsawo da tsufa, inda ba a cewa i ko a'a kawai. Ba mu ce wannan daidai yake da abin da malaman usulu suka tsara ba, amma almajirin da ya saba da bambancin yaƙini da zato da shakka da wahami ba zai ji maganar baƙuwa a kunnensa ba.

Sai dai wajibi ne mu faɗi gaskiya, domin amanar ilimi ta fi son kai ga magabata. Shaihu bai tsaya ga lissafi zalla ba. Addurrul Manzum littafi ne kan ɗalasimai da taurari, wanda aka gina kan wani littafi da ake jingina wa Fahruddini Arrazi, kuma malamai da yawa sun yi inkarin wannan fanni tun kafin zamaninsa. Mu abin da muka tafi a kai shi ne, gaibu na Allah ne Shi kaɗai, lamba ba ta amfanarwa ba ta cutarwa, tauraro kuma halitta ne da aka hore. Ba mu kiran kowa zuwa ga duba ko tsibbu da sunan Shaihu. Haka nan ya yi wa ɗalibin fannin wasiyya da ɓoye abin da ya koya daga wanda bai cancanta ba, kamar yadda al'adar ma'abota asirai take, ko da yake ya haɗa da kwaɗaitarwa kan haƙuri da rashin karaya. A ganinmu wannan ɓoyewa tana cikin abin da ya cuci hisabi a ƙasashenmu, domin ƙa'idar ta tsaya a hannun kaɗan, zanen kuwa ya bazu a hannun masu neman abin duniya, har aka wayi gari mutum yana kwafar hatimi shekara da shekaru bai taɓa tara layi ɗaya ba. Sakamakonsa muna ganinsa ranar rabon gado, inda ake neman mai fitar da sudusi da sumuni a gari guda a rasa sai ɗaya ko biyu. Muna kuma ganinsa ga iyayen da ɗansu zai nemi karatun lissafi ko kwamfuta a jami'ar Tawa ko ta Yamai, su ɗauka ya bar hanyar malamai ya kama ta Nasara, alhali Bakatsine ya karantar da hisabi a Alƙahira fiye da shekara 150 kafin Faransawa su iso Adar.

Shaihu bai dawo gida ba. Ajali ya riske shi a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, wanda ya naɗa wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa, aka rufe shi a Alƙahira. An buga Addurrul Manzum a Misra, kuma akwai kwafin rubutun hannu na aikinsa kan aufaƙi a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka da ke Landan. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya jiƙan malamanmu baki ɗaya, amin.