Tsarkakakkiya Elizabeth Ann Seton da Asalin Sunanta

A ƙasarmu, mutum yakan ɗauki sunan garinsu ya zama sunansa, kamar Malam Aminu Kano ko Alhaji Shehu Shagari. Haka ma sunan Seton yake. Seton wani ƙauye ne a bakin teku, gabas da Edinburgh a ƙasar Sukotland, ma'anarsa kuwa garin bakin teku. Daga can ne wani gidan sarauta ya ɗauki sunan, har wani reshensa ya ƙetara zuwa Amurka, ya zauna a birnin New York yana fatauci.

Ita Elizabeth ba 'yar gidan ba ce, aure ne ya kai ta. An haife ta ran 28 ga Agusta, 1774, a New York. Mahaifinta, Richard Bayley, babban likita ne. Mahaifiyarta, Catherine Charlton, 'yar limamin Anglika ce, ta rasu a 1777, Elizabeth ba ta cika shekara 3 ba. A 1794 ta auri William Magee Seton, ɗan attajiri, Allah ya ba su 'ya'ya 5.

Arzikin bai daɗe ba. Surukinta ya rasu a 1798, nauyin ƙannen mijinta ya hau kansu, kasuwancin gidan ya karye, ga shi kuma ciwon tarin fuka ya kama William. A 1803 suka tafi Italiya neman lafiya, aka tsare su wajen wata guda a gidan killace matafiya na Livorno, cikin sanyi. William ya rasu a Pisa ran 27 ga Disamba. Iyalin Filicchi, abokan cinikinsa, su ne suka karɓi baƙuwar nan mai takaba, a gidansu kuma ta fara sanin Misa da bangaskiyar Katolika.

Da ta koma gida aka karɓe ta cikin Ikilisiya ran 14 ga Maris, 1805. Nan fa aka yi ta. A New York ta wancan zamani ana ganin Katolika addinin baƙi matalauta ne, don haka dangi da yawa suka juya mata baya, tana fama da marayu 5. Duk da haka ba ta ja da baya ba, ƙannen mijinta mata biyu, Cecilia da Harriet, ma suka bi sawunta.

A 1809 ta zauna a Emmitsburg, jihar Maryland, ta kafa ƙungiyar Sistoci ta farko da aka fara a Amurka, a shekara ta gaba kuma ta buɗe makarantar 'yan mata. Wanda ya san abin da Sistocin St. Louis suka yi wa ilmin mata tun zuwansu Kano a 1948 zai gane girman wannan aiki. A can ta binne 'ya'yanta mata biyu, Anna Maria da Rebecca, kafin ita ma ta rasu ran 4 ga Janairu, 1821, tana da shekara 46.

Ɗan ɗan'uwanta, James Roosevelt Bayley, ya shiga Katolika, ya zama Babban Bishop na Baltimore. Shi ne ya kafa kwalejin Seton Hall a 1856 don tunawa da gwaggonsa. Paparoma Bulus na 6 ya sa ta cikin jerin tsarkaka ran 14 ga Satumba, 1975, ita ce ta farko cikin haifaffun Amurka. Ana bikinta kowace shekara ran 4 ga Janairu.