Duane Jones: Malamin Adabin da Finafinan Tsoro Suka Ɗaukaka

Gabatarwa

Duane Jones Ba'amurke ne baƙar fata da masu nazarin fim ke tunawa da shi saboda finafinai biyu na ban tsoro, waɗanda ƙananan kamfanoni masu zaman kansu suka shirya a wajen Hollywood. Sai dai mafi yawan rayuwarsa a aji da dandalin wasan kwaikwayo ya yi ta. Tarihinsa yana nuna yadda ilimin ɗan wasa ke iya sauya ma'anar rawar da aka ba shi, da kuma yadda rawa guda ke iya rufe sauran ayyukan mutum.

Karatu da Koyarwa

An haife shi a 1937. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Pittsburgh, ya ƙaro karatu a Sorbonne da ke Faransa, sannan ya sami digiri na biyu a Jami'ar New York. Kafin ya yi suna a fim, ya zauna a Jamhuriyar Nijar a ƙarƙashin shirin musayar masana na asusun Phelps-Stokes. Ya kuma shugabanci sashen Ingilishi na makarantar Harlem Preparatory, wadda aka kafa domin matasan da suka bar karatu a unguwar Harlem. Da wannan shiri na malami ya shiga harkar fim.

Fim ɗin 1968

George A. Romero da abokan aikinsa sun ɗauki Night of the Living Dead a ƙauyukan jihar Pennsylvania, da hoto baƙi da fari, a kan kuɗin da bai wuce dala 114,000 ba. Labarin wasu mutane bakwai ne da suka fake a wani gidan gona, gawarwaki masu cin naman mutane suka kewaye su. Jones ne ya fito a matsayin Ben, jagoransu. Tun farko an tsara Ben a matsayin direban babbar mota mai kaushin harshe, kuma rubutun bai ambaci launin fatarsa ba. Romero ya sha bayyana cewa cancanta kaɗai ta sa aka zaɓi Jones. Da ya karɓi rawar, sai ya gyara kalaman Ben, ya mai da shi natsattse, mai tunani kafin aiki.

Wannan gyara ya yi tasiri matuƙa. A lokacin, abu ne da ba a saba gani ba baƙar fata ya jagoranci farare a fim, ya ba su umarni, har ya harbi wanda ya ci amanarsu. Ben kaɗai ne ya kai gari ya waye, amma 'yan sintiri farare suka harbe shi daga nesa, suka ɗauke shi ɗaya daga cikin gawarwakin, suka jefa gawarsa a wuta. An fara nuna fim ɗin ranar 1 ga Oktoba, 1968, wata shida bayan kisan Martin Luther King. Saboda haka masu kallo da dama suka fassara ƙarshensa da halin da baƙar fata ke ciki a Amurka. A 1999 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa a matsayin kayan tarihin ƙasa.

Ganja & Hess da Sauran Finafinai

A 1973 Jones ya fito a Ganja & Hess na Bill Gunn, tare da Marlene Clark. Ya taka rawar Dakta Hess Green, attajirin masanin al'adun ɗan'adam da aka soka wa tsohuwar wuƙa ta wata ƙagaggiyar al'ummar Afirka, ya wayi gari ba ya rayuwa sai da jini. Gunn ya yi amfani da shan jini wajen nazarin jaraba, da addini, da rabuwar baƙar fata mai ilimin boko da tushensa. Fim ɗin ya sami yabo a bikin Cannes na Faransa, amma a gida masu rarrabawa suka yayyanke shi, suka sake masa suna Blood Couple. Kwafin asali da aka adana a Gidan Adana Fasahar Zamani na New York ne ya cece shi daga ɓacewa. A 2014 Spike Lee ya sake shirya labarin da sunan Da Sweet Blood of Jesus.

Daga baya ya fito a Losing Ground na Kathleen Collins a 1982, da Beat Street a 1984, da wasu ƙananan finafinan tsoro irin su Vampires da To Die For.

Dandali da Ƙarshen Rayuwa

Daga 1976 zuwa 1981 ya shugabanci Black Theater Alliance, gamayyar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na baƙar fata a New York. Ya kuma koyar da wasan kwaikwayo a kwalejin Old Westbury ta Jami'ar Jihar New York. Ya kasance mai kaffa-kaffa da zancen Ben, ba kasafai yake yarda a yi hira da shi a kai ba, domin yana son ɗalibansa su san shi da aikinsa na malami. Ya rasu ranar 22 ga Yuli, 1988, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 51.

Kammalawa

Finafinan Jones ba su da yawa, kuma kusan dukkansu na masu ƙaramin jari ne, inda darakta ke da 'yancin ba da rawa ga wanda ya ga dama. A biyun da suka fi fice, ya nuna baƙar fata mai ilimi a tsakiyar labari, yana yanke hukunci, yana kuskure, yana ɗaukar sakamako. Duniya ta riƙe shi da sunan Ben, kwalejin da ya koyar kuwa ta sanya wa zauren wasanninta sunansa na gaskiya.